Hukuncin Mai Karatu: Daga Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja Zuwa Littattafan Soyayya

Littafi a ƙasar Hausa ba ya gama aikinsa ranar da ya fito daga maɗaba'a, domin daga ranar ne yake faɗawa hannun mutanen da za su yanke masa hukunci, kuma hukuncin nasu yakan taru a kan tambaya guda, wato abin da rubutun zai yi wa tarbiyyar wanda ya karanta shi. Manazarta adabi a jami'o'i suna auna littafi da jigo da salo da zubi da tsari, amma uban da ya tsinci littafi a jakar makarantar 'yarsa, da malamar Islamiyya da ɗalibanta suka kawo mata tambaya daga wani labari, da matar aure da ta aro littafi daga maƙwabciya, duk da wani ma'auni dabam suke aunawa. Suna duba abin da littafin ya ce game da neman ilimi, da yadda ya nuna zaman miji da mata da iyaye da 'ya'ya, da kuma ko ya tsaya cikin iyakar addini ko ya tsallaka. Waɗannan abubuwa uku ba sa rabuwa a tunanin Bahaushe, saboda maganar sa yarinya a makaranta maganar lokacin aurenta ce, maganar aure kuwa hukuncin shari'a ce, don haka marubucin da ya taɓa ɗaya ya taɓa sauran ko bai yi niyya ba.

Haɗeja wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan al'amari daga cikinsa. Gari ne na sarauta da malanta a arewa maso gabashin jihar Jigawa, a bakin kogin da ya ɗauki sunansa, wanda fadamunsa suke ciyar da manoman shinkafa da alkama da masunta da makiyaya har zuwa Nguru. Tun kafin zuwan boko akwai masu karatu a wannan ƙasa, kamar yadda suke a sauran biranen Hausa, sai dai karatun nasu yana da siffar da ta bambanta da abin da ake kira karatu a yau. Yaro yakan fara da allo a tsangaya, idan ya yi nisa ya zauna gaban malami a zaure ya ɗauki littattafan fiƙihun Malikiyya bi da bi, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, yana karanta Larabcin malamin yana fassara masa da Hausa. A wannan tsari ba a barin ɗalibi shi kaɗai da littafi, kullum akwai babba a tsakaninsu wanda yake bayyana abin da ya shige duhu, yake kuma tsare ma'anar kada ta kauce. Martanin masu ilimi ga littafi shi ma yana da hanyoyinsa sanannu: sharhi, wato rubuta bayani a kan matanin wani, tahamisi, wato ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu na wata waƙa don ya zama mai biyar, da raddi, wato rubuta littafi sukutum don rushe hujjar wani littafin. Daga wannan tarbiyya Bahaushe ya gaji girmama rubutu, har yakan ɗauke takarda daga ƙasa don gudun kada sunan Allah yana ciki, kuma ya gaji zaton cewa duk abin da aka ɗauki wahalar rubutawa gaskiya ne mai amfani.

Wannan zato shi ne ya ba Rupert East wahala a 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya da yake jagoranta ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin malaman da ya zagaya yana nema su rubuta ƙagaggen labari, wato labarin da marubuci ya ƙirƙira daga kansa, sun ɗauki tatsuniya a matsayin abin mata da yara wanda bai cancanci tawada ba. Ƙagaggen labari ya shigo Hausa ke nan da bashi a wuyansa: dole ne ya nuna amfaninsa kafin a yafe masa kasancewarsa ƙirƙira. Har yau marubuci idan aka tambaye shi manufarsa yakan fara da faɗakarwa da ilimantarwa kafin ya ambaci nishaɗantarwa, kuma masu karatu sun riƙe shi a kan wannan alkawari.

Ƙasar Haɗeja tana da dalilinta na musamman na ɗari-ɗari da abin da Turawa suka kawo. A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka auka wa garin, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama tare da jama'a masu yawa, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada, kuma al'ummar da ta binne sarkinta ta wannan hanya ba za ta yi saurin miƙa 'ya'yanta ga makarantar waɗanda suka kashe shi ba. Duk da haka daga gidan sarautar garin ne aka sami ɗaya daga cikin muryoyin da suka fi tasiri wajen kiran Hausawa zuwa ga ilimin zamani, wato Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta da ya yi aikin koyarwa a Kano, ya kuma rasu cikin shekarun 1950 tun bai tsufa ba. Ƙaramin diwaninsa da aka buga a Zariya da sunan Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja ya tattara batutuwan nan uku a wuri guda: akwai Yabon Ubangiji, akwai Ilmin Zamani, akwai Birrul Walidaini wadda take magana a kan biyayya ga iyaye, sannan akwai waƙar Karuwa da waƙar Giya, inda ya fito da ɓarnar birni fili da kalmomi masu kaifi waɗanda ba kowane mai wa'azi ne zai iya furta su a bainar jama'a ba.

Abin lura shi ne yadda aka karɓi wannan littafi. An sa shi cikin manhajar makarantu, ɗalibai sun haddace baitocinsa don jarrabawa, malaman Hausa sun yi ta nazarinsa, kuma iyaye ba su tayar da jijiyar wuya don 'ya'yansu suna karanta waƙa a kan karuwanci da shan giya ba. Dalilin bai ɓuya ba. Mu'azu ya zuba maganarsa cikin mazubin waƙar wa'azi, wadda Hausawa suka sani tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, inda mawaƙi yake buɗewa da sunan Allah da salati, ya ambaci laifi ya kuma yanke masa hukunci a cikin baiti guda, ta yadda mai sauraro ba ya taɓa ruɗewa game da inda marubucin ya tsaya. Ko kiransa zuwa ga boko ya samu shiga ne saboda ya fito daga bakin mutumin da aka ga ya fara da yabon Ubangiji. Malamin zaure da ke tsakanin ɗalibi da littafi bai ɓace ba a nan, ya koma cikin waƙar ne ya zauna.

Masu karatun boko sun ƙaru sannu a hankali. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, ta koya wa mutane rubuta wasiƙa zuwa ga edita, inda talaka mai karatu ya ga ra'ayinsa a buge. Gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da hukumar NORLA da ta samar masa littattafai sun kai karatun Hausa ƙauyuka, sannan shirin ilimin firamare na bai ɗaya da aka fara a 1976 ya tura yara masu ɗimbin yawa aji, ciki har da 'yan mata, waɗanda da yawansu aka cire su aka yi musu aure bayan sun iya karanta Hausa amma kafin Ingilishi ya zauna musu. Lokacin da tattalin arzikin Nijeriya ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka taƙaita ga littattafan makaranta, sai aka wayi gari da jama'a masu ƙishin karatu ba tare da abin karantawa ba. Littafin Hafsatu Abdulwahid, So Aljannar Duniya, wanda ya fito a 1980 daga wata gasar NNPC, ya riga ya nuna cewa mace za ta iya rubuta labarin so da aure a karanta, kuma bayan Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed matasa suka gane cewa mutum zai iya kai rubutunsa ƙaramar maɗaba'a da kuɗinsa ya kuma kai kasuwa da kansa. Kundin sunayen littattafai da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara ya ƙunshi sama da 700 da suka fito tsakanin 1987 da 2002.

Kano ce cibiyar bugawa da sari, amma yawancin masu karatun suna wajenta, a garuruwa irin su Haɗeja da Gumel da Malam Madori da Nguru, inda littattafan suke isa cikin kayan 'yan kasuwa su sauka a teburan masu sayar da littattafan addini da na makaranta. Kwafi guda yakan ratsa hannaye da yawa, ta hanyar haya ko aro, daga ɗakin amarya zuwa na uwargida, daga gida zuwa ɗakin kwanan ɗalibai, kuma wadda ba ta iya karatu ba takan sa ƙanwa ko 'ya ta karanta mata, ko ta saurari gidajen rediyon da suke karanta littattafan kashi-kashi. Marubutan sun riƙa sa adireshinsu a bangon littafi, daga baya lambar waya, kuma da yake labarin yakan fito ne littafi na ɗaya da na biyu da na uku, wasiƙun da suka iso bayan na ɗaya suna iya sauya abin da zai faru a na biyu. Wannan shi ne sabon abu na haƙiƙa a tarihin karatun Hausa: mace a cikin ɗakinta, ita kaɗai da littafi, ba malami a tsakani, kuma tana da hanyar mayar wa marubuci magana.

Babu marubuciyar da ta ɗanɗani zaƙi da ɗacin wannan sabon yanayi kamar Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wadda aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun ba ta kai shekara 15 ba, ta kuma koma karatu daga baya ta hanyar ajin manya. A cikin Wa Zai Auri Jahila? ta ba da labarin Abu, yarinyar da mahaifinta ya hana ta makaranta, saurayin da ya yi boko ya guje ta saboda rashin ilimin, aka ɗaura mata aure da dattijo Sarkin Noma, ta gudu, ta nemi ilimi har ta tsaya da ƙafarta. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, ta nuna Rabi, matar ɗan kasuwa Alhaji Abdu, wadda mijin ya kore ta da 'ya'yanta tara bayan ya auro Delu, ta riƙe su da sayar da abinci, sannan da duniya ta juya wa mijin baya dangi suka matsa mata ta koma. Mata da yawa sun karanta waɗannan labarai a matsayin bayanin abin da suka gani a gidajensu ko gidan maƙwabta, alhali wasu maza da wasu masu wa'azi sun ɗauke su a matsayin tunzura mata su bijire wa iyaye da mazaje. Abin da masu sukar suka kasa tsayawa su gani shi ne cewa hujjar Balaraba daga cikin addini ta ɗauko ta, domin haƙƙin ciyarwa da adalci tsakanin mata da wajabcin neman ilimi ga mace duk abubuwa ne da suke cikin littattafan da ake karantarwa a zaure, kuma Shehu Usmanu da kansa ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a littafinsa Nurul Albabi.

Littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a farkon shekarun 1990 ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye, ya jawo wani nau'in martanin. Tauraruwarsa Sumayya 'yar masu hali ce da take son Muhammad, talaka mai ilimi da natsuwa, iyaye suka nace sai ta auri mai kuɗi, har ta kai ga faɗawa rijiya. Matasa sun yi ta aiko wa marubucin wasiƙu suna ba shi labarin nasu auren dolen suna neman shawara, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a nazarinsa na 1997 kan finafinan Indiya da littattafan soyayya, a daidai lokacin da manya suke zargin littafin da koya wa 'yan mata hanyar halaka kansu. Ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda ba tare da sun lura ba, wato cewa labari yana da ƙarfin sauya halin mutum. Sun saɓa ne kawai a kan ko littafin ne ya kawo cutar ko kuwa ya tarar da ita ne ya faɗi sunanta.

Masana ma sun shiga, kuma muhawararsu ta ɗauki shekaru a shafukan jaridu irin su Nasiha da New Nigerian da Weekly Trust. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica da suka yi tashe suka shuɗe, yana kuma ganin cewa yawancinsu kwaikwayon finafinan Indiya ne marasa zurfi da ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suna cikin waɗanda suka tsaya wa marubutan ta fuskoki dabam-dabam, suna nuna cewa littattafan sun raya karatun Hausa a lokacin da hukuma da manyan kamfanoni suka yi watsi da shi. Malumfashi yana da gaskiya a kan rauni na rubutu da gaggawa da maimaita jigo da suka cika da yawa daga cikin littattafan, kuma sukarsa ta tilasta wa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama duba aikinsu. Amma muhawarar, duk da amfaninta, maza 'yan boko ne suka yi ta a tsakaninsu, wani ɓangare ma da Ingilishi, a kan littattafan da mata ne mafi yawan masu karanta su, kuma ba a cika jin muryar waɗannan mata a cikinta ba.

Martani mafi tsanani ya zo daga hukuma. Bayan dawo da shari'a a Kano a 2000 an kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, sannan a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta jagoranci ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai a wata makarantar sakandaren 'yan mata, aka ba su wasu da ake ganin sun fi dacewa. A shekarar da ta biyo baya hukumar tacewar, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi kowane marubuci ya yi rajista ya kuma kawo rubutunsa a duba kafin bugawa, abin da ƙungiyoyin marubuta suka yi tsayin daka wajen adawa da shi. Da yake Kano ce kasuwar, duk abin da aka hana a can ya yanke wa mai karatu a Jigawa da Yobe da Damagaram, waɗanda ba a nemi ra'ayinsu ba. Damuwar iyaye ba ƙarya ba ce, domin akwai littattafan da suka sayar da batsa da sunan soyayya, kuma uba yana da haƙƙin sanin abin da ke shiga kan 'yarsa. Sai dai wuta ba ta karanta littafi kafin ta cinye shi, kuma a al'ummar da take fama da ƙarancin mata masu karatu, koya wa yarinya cewa littafin Hausa abin kunya ne da ake ƙwacewa hasara ce da ta fi ƙarfin ribar da aka nema.

A nan ne kwatanta Mu'azu Haɗeja da Balaraba yake da amfani. Dukansu sun yi magana a kan karuwa da mijin banza da jahilci da haƙƙin iyaye, kuma ta fuskar kaifin harshe Mu'azu ya fi ta nesa, amma an sa shi a manhaja ita kuwa an yi mata wa'azi. Bambanci na farko na siffar rubutu ne: waƙar wa'azi tana faɗin hukunci, ƙagaggen labari kuwa yana nuna mutane suna aikata abu, ya bar mai karatu ya zauna cikin zuciyar yarinyar da ta ƙi zaɓin mahaifinta na tsawon shafuka masu yawa kafin sakamako ya zo, kuma wanda ya saba da rubutun da yake hukunci nan take yakan ɗauki nunawa a matsayin yarda. Bambanci na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne wanda ake tuhuma. A waƙar wa'azi mai laifi yakan kasance can waje, karuwa ce ko mashayi ko ɗan da ya saɓa wa iyaye, mutanen da kowa ya yarda a zarga. A labaran Balaraba da takwarorinta mai laifin yana cikin gida, uba ne da ya hana karatu, ko miji mai zuwa masallaci da ba ya ba da kuɗin cefane, kuma mai ba da shaidar mace ce. Yawancin fushin da aka yi da sunan kare addini, idan aka bi shi a hankali, fushi ne na mutanen da aka saba su yi wa wasu wa'azi suka ji an juyo da wa'azin kansu.

Masu karatu mata kuwa ba taron 'yan amshin shata ba ne, kuma sun tanƙwara marubuta fiye da yadda hukuma ta iya. Shaharar Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masoyanta suke kira Anti Bilki, marubuciyar Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni, ta nuna abin da da yawansu suke so: tauraruwa mai ilimin boko da na addini, mai sana'a ko aiki, wadda take samun daraja a gidan miji ta hanyar haƙuri da tsafta da iya magana da sanin haƙƙinta, ba tare da ta rushe gidan ba. Novian Whitsitt, wanda ya nazarci Bilkisu da Balaraba tare, ya nuna cewa dukansu daga cikin Musulunci suke neman gyara, sai dai ɗaya tana lallashi ɗaya tana fito-na-fito. Mai karatu takan yaba littafi da cewa ya koyar da zaman duniya ko ya yi hannunka mai sanda, takan kushe shi da cewa marubuciyar ta zubar da mutuncin mata ko ta sa tauraruwa ta yi abin da 'yar Musulmi ba za ta yi ba, kuma takan yi fushi idan azzalumar kishiya ko uwar miji ba ta ga sakayya ba kafin labari ya ƙare. Wannan buƙata ta ganin alhaki ya kama mai shi ita ce ta sa ƙarshen littattafai da yawa ya yi kama da juna, kuma tana da illa ga fasaha, domin rayuwa ba kullum take biyan bashi a gaban idon wanda aka zalunta ba. Amma tana nuna cewa masu karatun da aka zarga da neman lalacewa su ne suka fi kowa nacewa a kan adalcin Allah cikin labari.

Littattafan addini zalla suna da tasu hanyar, wadda ta fi kusa da tsohuwar al'adar raddi. Lokacin da Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya fitar da Al-Aƙidatus Sahiha a 1972 yana sukar wasu ayyukan ɗariƙu, malaman Kano irin su Shaikh Nasiru Kabara da Malam Sani Kafinga sun mayar masa da martani da littattafai, kuma bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 saɓanin ya sauko daga Larabcin malamai zuwa ƙananan littattafan Hausa da kaset-kaset, ya shiga gidaje har ya raba wa da ƙane a sahun salla. A wannan fage mai karatu yakan tambayi ɓangaren marubuci kafin ya buɗe littafin, abin da ya sa littafi kan tarbiyyar 'ya'ya ko haƙƙin ma'aurata, wanda kowane gida yake buƙata, yakan tsaya a rabin gari saboda sunan da ke bangonsa. Littattafan makaranta ma ba su tsira ba, kamar yadda aka gani a 2023 lokacin da ƙorafin iyaye da malamai ya sa hukumomin Kano suka hana amfani da Queen Primer, littafin koyon karatun Ingilishi na ƙananan yara, bisa zargin cewa wasu kalmominsa sun saɓa wa tarbiyya.

Yau yawancin labaran Hausa a waya ake karanta su, ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, ko a saurare su a YouTube, kuma wannan ya rage wa Kano ikon da take da shi a kan abin da zai isa Haɗeja, ya kuma ba yarinyar Auyo ko Kafin Hausa ko Guri damar ta zama marubuciya ba tare da ta taka maɗaba'a ba. A yankin da ambaliya take shiga gidaje, kamar yadda ta yi a 2020 da 2022, takarda ba ta da tsawon rai, don haka waya ta zama ma'ajiyar da ta fi akwati aminci. Martanin da a da yake ɗaukar makonni a gidan waya yanzu yana isowa cikin mintoci, marubuciya tana sakin shafi masu karatu suna faɗa mata wanda suke so tauraruwa ta aura, wasu kuma suna biyan kuɗi kafin a sa su cikin rukunin da ake sakin ci gaban labarin. Kusancin ya yi yawa har yana neman hana marubuci faɗin abin da masu biyansa ba sa son ji, kuma batsar da aka ƙona littattafai dominta ta fi samun wurin ɓuya a waya fiye da yadda ta samu a teburin kasuwa. A gefe guda gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata marubuta ta nuna cewa akwai masu sauraro ga gajeren labari mai nauyi a kan gudun hijira da fyaɗe da talauci da mutuwar aure. 'Yan matan da suka karanta Balaraba da Bilkisu a ɓoye a shekarun 1990 su ne iyaye da malaman makaranta a Haɗeja a yau, su ne kuma suke yanke hukunci kan abin da 'ya'yansu za su karanta a waya, kuma ɗaliban Hausa na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa suna zaune a tsakiyarsu, inda za su iya tambayarsu abin da waɗancan littattafai suka yi musu a zaman aure da neman ilimi tun suna da ƙarfin ba da amsa da bakinsu.